Allo Uku, Leshi Ɗaya: Lissafin Kuɗin Daidaita Kala

Ƙanena yana da ɗan situdiyon hoto a Kano, shago ɗaya da labule a tsakiya. Biki yake ɗauka, da suna, da walimar sauka, idan kakar siyasa ta kama kuma ya haɗa da tsara fosta. A kan teburinsa allunan kwamfuta uku ne a jere: wani babba da ya saya sabo fil a kwali, wani ɗan gwanjo da ya samu da araha, sai na laftof ɗinsa. Wata Asabar ya kira ni in zo shago, na tarar ya buɗe hoton amarya ɗaya a kan duka ukun ya yi tagumi. Leshin da ke jikinta a babban allon ruwan hoda ne mai ɗaukar ido, a ɗan gwanjon ya karkata zuwa ruwan goro, a laftof kuwa sai ka ce an wanke shi sau goma an shanya a rana.

"Yaya, don Allah wanne ne gaskiya a cikinsu?"

Na ce ai kai ka je bikin, kai ka ga leshin da idonka. Ya ce da dare ne, ƙarƙashin fitilun nan masu canza kala, shi ma ba zai iya rantsewa ba. Daga nan ya gangaro kan abin da ya sa ya kira ni. Akwai wata na'ura da ake rataya wa a fuskar allo, ta auna kalarsa, ta gyara. Idan ya same ta, in ji shi, bakin allunan nan uku zai zo ɗaya, kuma yana so in ranta masa kuɗin. Ni aikin akawu nake yi, kuma wanda aka zo wa da maganar rance yana da ikon ya tambaya ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Na ce ya ba ni mako biyu.

Dalilin saɓanin mai sauƙin fahimta ne. Kwamfuta lambobi take ajiyewa. Kowane ɗigo na hoto yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Idan lambar ja ta kai 255, umarnin da allo ya samu shi ne ya saki jansa gaba ɗaya. To amma jan wa? Kamar ka aiki yara uku kasuwa uku ka ce kowa ya auno maka mudu ɗaya na gero. Duka za su cika har ya yi tozo, babu wanda ya ci amanarka, sai dai mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Don a rage wannan rigima ne kamfanonin HP da Microsoft suka fito da ma'aunin bai-ɗaya a 1996, wanda ake kira sRGB, kuma har yau yawancin hotunan intanet a kansa ake tsara su. Kafin nan, a 1993, kamfanoni takwas, cikinsu har da Adobe da Apple da Kodak, sun kafa ƙungiyar ICC, wadda ta tsara irin ɗan fayil ɗin da ke bayyana halin kowane allo ko firinta. Na'urar da ƙanena ke so ita ke samar da wannan fayil. Ana rataya ta da igiyarta ta bayan allo, ta kwanta a tsakiyar gilashin, manhaja ta riƙa haska mata kala-kala tana aunawa. Ɗaya daga cikin sanannunsu ma sunanta Spyder, wato gizo-gizo, kuma da ka gan ta tana lilo ka san dalilin sunan.

Tana aiki, wannan ban musa ba. Abin da nake tantama a kai shi ne alkawarin cewa allo uku mabambanta za su zama abu ɗaya, da kuma abin da za a kashe a hanyar neman hakan.

Kuɗin na'urar shi ne mafi sauƙin rubutawa. Irin ta masu hoto, ta Datacolor ko ta Calibrite, tana kamawa daga dala ɗari da wani abu zuwa wajen dala 300, kafin a sa kuɗin kawowa. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kowa zai iya buga lissafinsa, ya kuma tambayi kansa biki nawa zai ɗauka kafin ya mayar. Ita ma na'urar tana tsufa. Masu arahar da, waɗanda matatar haskensu ba ta gilashi ba ce, zafi da laima suna sauya musu awo a hankali, kuma babu wata fitila da za ta kama ta gaya maka cewa mai awon ya fara ƙarya. Wadda aka ƙera a zamanin allunan da ke da dogon ƙwan lantarki a bayansu ba lalle ta iya karanta sabon allon OLED daidai ba. Manhajar kam akwai ta kyauta, DisplayCAL, da aka gina a kan ArgyllCMS, sai dai kyautar tata da darare ake biya, ana karatu ana gwaji.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar asarar ba ta fitowa a rasit, domin daga jikin allon mai tsada ake cire ta. Na'ura ba ta iya ƙara wa allo abin da ba a ƙera shi da shi ba, ragewa kawai take yi. Idan ɗan gwanjon ba ya iya fitar da kore mai zurfi, babu saitin da zai ba shi. Hanya ɗaya ta sa su dace ita ce a danne babban allon ya sauko inda ɗan gwanjon ya tsaya. Haka ma haske, haka ma zurfin baƙi. Ayarin da ya yi alkawarin ba zai rabu ba, da tafiyar jakin da ya fi rauni zai yi tafiya. Ƙanena ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi allo mai faɗin kala irin na Adobe RGB, yanzu kuma yana neman rance don ya mayar da shi sa'an wanda ya saya a gwanjo.

Akwai kuma wata ɓarna ƙarama da ke biyo baya. A allunan gama-gari, gyaran a cikin katin hoton kwamfuta ake yin sa, kuma matakai 256 ne kacal ga kowace kala. Idan allo ya cika shuɗi aka rage masa, an zubar da wasu daga cikin matakan nan ke nan. Sakamakon yana fitowa a inda kala ke sauyawa sannu a hankali, kamar sararin sama da almuru ko farin bangon da ke bayan amarya: maimakon ya tafi sumul sai ka ga layi-layi kamar matakalar bene. Gwargwadon nisan allon daga daidai, gwargwadon matakan da za a zubar. Maganin wannan shi ne allon da ake saitawa a cikin jikinsa, da teburin lissafi mai zurfi, irin ColorEdge na kamfanin Eizo na Japan, wanda wasu samfuransa da 'yar na'urar awonsu suke zuwa a maƙale, ta leƙo ta auna ta koma da kanta. Kuɗin ɗaya ya isa a sake kayan shagon ƙanena. Lokacin da Apple ya fitar da Pro Display XDR a 2019, dala 4,999 ya sa masa, ƙafar da zai tsaya a kai kuma dala 999 daban, kuma da shi yake tallar araha idan aka kwatanta da allunan da manyan masu tace fim ke dogara da su, masu cin dubban daloli goma-goma. Wanda yake son allo uku su yi kama da gaske, hanyar ita ce ya sayi uku iri ɗaya, samfuri ɗaya, a lokaci ɗaya, su tsufa tare. Wannan kuma ba rance ba ne, sabon jari ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, har na ajiye biro na ɗan yi shiru, shi ne asalin ma'aunin kansa. Duk na'urorin nan suna kwaikwayon idon wani mutum ne da ba a taɓa haifa ba. A ƙarshen shekarun 1920 wasu masana biyu a Ingila, David Wright da John Guild, suka gwada yadda mutane ke haɗa fitilu uku su kamanta kala. Wright ya gwada mutum goma, Guild bakwai. Daga idanun mutum 17 ɗin nan hukumar haske ta duniya, CIE, ta fitar da matsakaicin ido a 1931, kuma shi ne har gobe tushen yawancin awon kala. Aiki ne mai kyau, ya kusa shekara ɗari yana amfani. Sai dai idona ba shi ba ne, idon ƙanena ma ba shi ba ne. Ƙwayar ido tana yin rawaya-rawaya da shekaru, don haka farin da ɗan shekara ashirin da biyar ya gani ba shi ne na ɗan hamsin ba.

Da allunan duka da fitila iri ɗaya suke haskawa, da abin ya zo da sauƙi. Amma farin allon laftof yawanci daga shuɗiyar fitilar LED yake fitowa da aka lulluɓe da sinadari mai ruwan ɗorawa, na tsohon allo daga dogon ƙwai, na OLED kuma wata hanya daban. Hasken da kowanne ke fitarwa haɗinsa daban ne, ko da jimillar ta zo ɗaya a idon na'ura. Duk telan da ya taɓa zaɓar zare a cikin shago ya ga ya dace da yadi, ya fito rana ya ga sun raba gari, ya san dangin wannan matsala. Sai na'ura ta auna allo biyu ta ce farinsu ɗaya ne, ta ba ka rahoto mai kyau, lambar kuskuren da ake kira Delta E ta sauka ƙasa da 2, kai kuma kana zaune kana ganin ɗaya ya ɗan yi kore-kore, ɗaya ya ɗan yi ja-ja. Kamfanin Sony da kansa ya ci karo da wannan lokacin da ya kawo allunan OLED na masu aikin talabijin: an saita farinsu daidai da na tsofaffin alluna masu ƙeya bisa awo, ƙwararru suka ce ba su yi kama ba, har sai da ya ba da shawarar a karkatar da farin da wani gyararren lissafi da ya samo asali daga aikin Deane Judd. Shawarar da masu sana'ar ke bayarwa a irin wannan hali ita ce a saita allo ɗaya da na'ura, sannan a murɗa na biyun da ido har ya yi kama da shi. Na karanta wa ƙanena wannan sau biyu. Bayan an biya daloli don a huta da dogaro da ido, ƙarshenta idon za a koma wa. Tsugune ba ta ƙare ba.

Sannan na'urar tsakiyar allo kawai take aunawa, wuri kamar faɗin bakin kofin shayi. Kusurwoyin allo mai araha kan fi tsakiyarsa duhu, wani gefen ya fi wani ɗumin kala. Allon laftof ɗin ƙanena irin tsohon samfurin nan ne na TN, da ka ɗaga kai ko ka sunkuya kalar ta sauya. Mutum ɗaya kuma ba zai iya fuskantar allo uku kai-tsaye a lokaci guda ba, dole biyu ta gefe yake kallonsu.

Na zo kan lokaci. Kafin a auna, ana son allo ya yi kamar rabin sa'a a kunne ya ɗumama. Awon kansa yana cin mintuna kaɗan a manhajar kamfani, ya kai sa'a ko fiye idan ana son mai zurfi. A ninka uku. Fitilar bayan allo tana raguwa da amfani, kowace da saurinta, shi ya sa masu ƙera na'urorin ke cewa a maimaita kamar duk wata. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, idan ta tafi ana tsakiyar awo, daga farko za a sake. Rabin yini ke nan duk wata, a shagon da mai shi shi ne mai ɗauka, shi ne mai tacewa, shi ne mai bin bashi.

Ɗakin ma yana da nasa kason, kuma shi ne wanda masu talla ba sa ambata. Ido ba ya ganin allo shi kaɗai, yana auna shi da abin da ke kewaye. Bangon shagon ƙanena fentin ruwan ƙwai ne, ƙofarsa tana kallon yamma. Da safe hasken ɗakin fari ne, da la'asar ya yi ja, lokacin hunturu ƙura ta mayar da komai ruwan ƙasa, da dare kuma ƙwan da ke sama ya kawo nasa shuɗin. Farin sRGB an ɗora shi ne a kan hasken rana mai awon Kelvin 6,500, masu ɗab'i kuwa a ƙarƙashin fitila mai 5,000 suke duba takarda, kuma ana son hasken allon aiki ya tsaya wajen kandela 100 zuwa 120, alhali daga kamfani yakan zo da ninkin haka ko fiye. Allon da aka dusashe zuwa 120 ba ya ganuwa sosai idan rana na shigowa. To sai a sa labule mai kauri, a rufe ƙofa, a sake fenti zuwa ruwan toka, a sauya ƙwan fitila. Rufaffen shago a Kano cikin watan Afrilu kuwa tanda ne. Sai na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai janareto, shi kuma sai mai. Na fara lissafi daga gizo-gizon roba, na tsinci kaina a gidan mai.

Manhajoji ba zan daɗe a kansu ba. Photoshop da Lightroom suna karanta fayil ɗin kalar allo, wasu manhajojin da dama a Windows ba ruwansu da shi, don haka hoto ɗaya a allo ɗaya zai iya fitowa iri biyu. Sabunta direban katin hoto, ko sauya ramin da aka soka waya, yana iya sa fayil ɗin wannan allo ya koma kan wancan. Saitin nan da ke mayar da allo ja-ja da dare don hutar da ido, idan aka manta shi a kunne, ya rushe aikin duka.

Da na gama jera waɗannan sai na yi masa tambayar da ya kamata in fara da ita: ina hoton yake zuwa idan ya bar shagon? Ya ce kusan duka ta WhatsApp ake turawa, wanda ke matse hoto ya rage masa nauyi, a kalle shi a waya. Wayoyin kuma kowace da mudunta. Da yawa daga kamfani suke zuwa da saiti mai ƙara wa kala gishiri don su ja ido a kanti, wasu gilashinsu ya tsage an sa na canji, wasu an rage haskensu don caji ya kai dare. 'Yan Kantin Kwari da ke tallar atamfa da leshi ta waya sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa mai wayo a cikinsu kan fita da yadin waje ya ɗauka a hasken rana, ya kuma ce wa mai saye kalar na iya ɗan bambanta. Ko a allo ɗaya ma mutane ba sa haɗuwa. A Fabrairun 2015 duniya ta rabu biyu a kan hoton wata riga, wasu na ganin shuɗi da baƙi, wasu fari da ruwan gwal, har miji da mata masu kallon waya ɗaya. Sauran aikin kuma na ɗab'i ne, albam da fosta da bana, inda tawada huɗu ke aiki a kan takarda ko leda, kuma akwai shuɗi da kore masu walƙiya a allo da tawada ba ta iya kaiwa. Banar da aka kafa a shataletale, wata biyu rana ta dake ta, jan hular ɗan takara ya koma ruwan hoda.

Mu kanmu da kwatance muke kiran kala: ruwan goro, ruwan toka, ruwan zuma, ruwan makuba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya wane goron, fari ko ja, sabo ko wanda ya kwana a baki, kuma an daɗe ana ciniki a haka.

Ƙanena bai yi shiru ba, kuma amsarsa tana da nauyi. Ya ce, "Yaya, idan mudun kowa ya bambanta, ai shi ne dalilin da zai sa nawa ya zama na gaskiya. Idan allona ya cika shuɗi ban sani ba, zan ƙara wa kowane hoto ja, kuskurena ya hau kan kuskuren wayarsu." Ya kawo misalin fatar mutum, wadda ita ce ido ya fi saurin kama ƙarya a kanta. An taɓa dawo masa da albam guda saboda fuskokin dangin ango duka sun fito da duhu, domin allonsa yana da haske fiye da kima, shi yana ganin hoton ya yi, a takarda kuwa ya dushe. Kuɗin sake bugawa daga aljihunsa ya fita. Wannan asara ce ta zahiri, na rubuta ta a ɗaya gefen takardar. Wanda ke aikin kwalin kamfani, inda jan tambari dole ya zama ja ɗaya a kowane bugu, ko masu tace fim da mutum uku ke aiki a kan fitowa ɗaya a kwamfuta uku, su kam ba su da zaɓi, kuma kuɗin yana cikin abin da suke caji. Sai dai hujjar ƙanena allo ɗaya ta wanke. Ba ta ce komai ba game da sauran biyun, waɗanda da na tsananta tambaya ya amsa cewa a ɗaya jerin fayiloli yake buɗewa, a ɗayan kuma saƙonnin kwastomomi da ƙwallo.

Ban ba shi rancen ba. Ya samu wani abokin sana'arsa mai na'urar, ya ɗauko ta aro na yini ɗaya da ɗan abin goro. Aka saita babban allon shi kaɗai, aka rage masa haske, aka juya teburin ya ba ƙofa gefe. Ɗan gwanjon ya murɗa shi da hannu har farinsa ya daina cin ido, ya bar shi haka. Kafin ya buga albam yanzu yana tura hoto biyu ko uku a fitar masa da gwaji a takardar da za a yi aikin da ita, ya fita da su bakin ƙofa ya duba. Na saya masa labule, wannan kam kyauta.

Hoton amaryar ya gyara shi a sabon saitin, leshin ya zauna a ruwan hoda mai sanyi, wanda wata ƙawar amarya da ta yi anko da shi ta tabbatar haka yake. Ya tura wa uwar amarya. Ina shagon ta kira, ya sa ta a sifika.

"Sannu da aiki, ɗana, hotuna sun yi kyau. Amma leshin nan ya yi mini fari-fari a waya. Ka ɗan ƙara masa kala ya fito, ka kuma haska mini fuskar yarinyar."

"To, Hajiya, in sha Allahu yanzu."

Ya ajiye wayar, ya ja linzamin kwamfuta, ya tura kalar sama har leshin ya koma kusan yadda babban allon ya nuna shi tun ranar farko.